Na Bar Yaya Gilja a Kan Dutse

Yaya Gilja ta girme ni da shekara tara, kuma tun ina goye a bayanta ban taɓa kayar da ita a gardama ba. Da ta bugo waya a farkon watan takwas ta ce in rufe shagona na gyaran tufafi na kwana biyu mu je gandun shaƙatawa na jiha mu kwana a tanti, babu uzurin da ban kawo ba. Ranar Asabar da safe dai ina zaune a cikin motarta.

Mijinta Yongdal ya rasu a cikin sanyin da ya wuce. Shekara talatin suka yi suna hawan dutse tare duk ƙarshen mako, kuma tun da aka binne shi ba ta sake taka dutse ba. Ni kuwa ko benen gidanmu na birnin Jinju nake hawa sai na tsaya a hawa na uku na huta.

"Malsun, kina duba madubi kuwa?" in ji ta, tana tuƙi. "Kin zauna gaban keken ɗinki kin koma buhun shinkafa."

"Yaya, ni sauro nake tsoro."

"Duk sauron da ya cije ki shi zai yi ƙiba, ke ba za ki ragu da komai ba."

Mun isa kwarin Solmok wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Filin kafa tanti ya cika da jama'a, yara suna wasa a rafi, iyaye sun jiƙa kankana a ruwa ta yi sanyi. Ma'aikacin gandun da ya nuna mana wurinmu wani baƙin mutum ne mai faɗin kafaɗa, an rubuta Bang Taesik a ƙirjin rigarsa. Ya dubi sandunan tafiyar da ke hannun Yaya.

"Inna, sama za ku hau?"

"Har mazubar ruwa kawai."

"To ku sauko kafin ƙarfe huɗu. An ce ƙila a yi ruwa a kan tsauni da yamma. In kun ji jiniya ku nisanci rafi."

"Ɗan nan, tun kana makaranta nake bin hanyar nan," in ji Yaya. Ya yi dariya ya sunkuyar da kai ya wuce.

Muka kafa tanti, ko in ce ta kafa ina riƙe mata turaku tana yi mini faɗa. Muka ci kimbab, naɗin shinkafa da ta yi tun asuba, da kimchin bara, wato kabeji mai tsami da yaji. Ƙarfe ɗaya da rabi muka kama hanya. Rana tau, sama garau.

Hanyar tana bin gefen rafi ne, kuma tana tsallake shi sau biyu a kan duwatsun da aka jera. Mashigin farko yana da faɗi, a tsakiyarsa akwai wani babban dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, girmansa kamar ƙaramar mota, mutane kan zauna a kai su ɗauki hoto. Daga nan sai a bi wata siririyar hanya a ƙarƙashin bangon dutse mai tsayi, sannan mashigi na biyu, sannan mazubar ruwan. Ruwan rafin ko idon sawu bai kai ba, ana ganin ƙananan kifaye a ciki. Ina tafe ina haki ina mita, Yaya tana gaba cikin rigarta ruwan lemo, ba ta ko waiwaye.

Da muka isa, wasu ma'aurata suna shirin saukowa. Muka gaisa suka tafi, wurin ya rage mu biyu. Yaya ta zauna a kan wani dutse ta cire hula. Ta ciro kokwamba ta karya biyu ta miƙo mini rabi.

"Nan yake zama," in ji ta. "Ya cire safa ya tsoma ƙafa, ya yi ta yi mini waƙa da muryarsa ta kwaɗo."

Sai hawaye suka fara bin kumatunta, ba ta goge ba. Ko ranar jana'iza ban ga ta yi kuka ba. Na matsa kusa da ita na zauna. Ban dubi agogo ba, ita ma ba ta duba ba.

Sanyi ne ya fara sa na ɗaga kai. Wata iska ta sauko daga saman kwarin mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na lura ƙwarin da ke ta kuka a kan itatuwa tun safe duk sun yi tsit. Can bisa kan tsauni hadari ya haɗu baƙi ƙirin, amma inda muke ko ɗigo babu.

"Yaya, dubi ruwan nan. Da haka yake?"

Ruwan da ke zubowa fari tas ɗazu ya koma kalar shayi da madara. Ganyaye da ƙananan rassa suna biyo shi. Dutsen da na ajiye gorar ruwana a kai ya nutse, gorar tana juyi a gefe.

Yaya ta miƙe tsaye.

"Ɗauki jakarki."

"Gorata..."

"Bar ta. Wuce mu tafi."

Ban taɓa ganin Yaya tana sauri don tsoro ba, kuma wannan ya fi hadarin tayar mini da hankali. Agogona ya nuna huɗu saura kwata.

A mashigi na biyu ruwa ya riga ya rufe duwatsun tsallakawa. Muka riƙe hannun juna muka shiga, yana dukan ƙwaurinmu, da sanyi kamar ƙanƙara. Muka haye. Siririyar hanyar da ke ƙarƙashin bangon dutse ita ma ruwa ya fara lasarta, a wasu wurare sai mun manna jiki da bango. Na waiga baya, na ga inda muka tsallako yanzun nan ya zama wani abu dabam, kumfa da laka kawai. Babu komawa, babu kuma hawa sama, bangon a miƙe yake santsi.

Muka iso babban mashigin. Kawunan duwatsun da aka jera suna leƙowa suna ɓacewa. Yaya ta danƙa mini sandunanta biyu.

"Ke ki fara. Kada ki dubi ruwa, dubi itacen can na tsallake. Ƙafa ɗaya, sanda ɗaya."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya, ko in turo ki. Shiga!"

Na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, sannan cinya, yana fizgar ƙafata kamar hannun mutum. Tana bayana riƙe da jakata har muka kai babban dutsen tsakiya. Ta haye kansa don ta ga hanya sosai, tana yi mini ihu, dama, hagu, tsaya, taka. Kusa da gaɓa na zame na faɗi, na sha ruwa mai yashi, sanduna suka tafi. Da rarrafe na fita, na kama saiwar itace na ja jikina sama.

Na juyo in ce mata ta taho ke nan, sai na ji ƙarar.

Kamar tifa tana juye duwatsu, amma juyin da ba ya ƙarewa. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gwiwoyina. Daga kwanar sama sai ga ruwa ya ɓullo a tsaye, ja wur da laka, ɗauke da itace guda da saiwoyinsa. Yaya ta riga ta sauko da ƙafa ɗaya. Ta ja da baya ta faɗa rub da ciki a kan dutsen. Itacen ya daki gefen dutsen, ya juya, ya wuce ta tsakanina da ita.

Da na sake ganinta tana durƙushe a tsakiyar dutsen. Tsakaninmu bai fi taku goma sha biyu ba, amma babu abin da zai shiga ruwan nan ya fita. Ina jin manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa suna karo da juna.

"Yaya! Yaya!"

Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin komai. Na ciro waya daga aljihun jaka. Ba ta jiƙe ba, amma babu sabis ko layi ɗaya. Na buga ɗaya-ɗaya-tara, lambar agajin gaggawa, sau uku, bai shiga ba. Na jawo wani busasshen reshe na miƙa mata, ko rabin hanya bai kai ba ruwa ya fizge shi daga hannuna.

A jikin dutsen akwai wani tsagi da ya ratsa shi a kwance. Da farko yana sama da ruwa da kamar taƙi biyu. Ina tsaye ina kuka ina kallo, har ya rage taƙi ɗaya.

Yaya ta miƙe a kan gwiwoyi ta nuna mini hanyar gangara. Na girgiza kai. Ta sake nunawa da ƙarfi, da irin hannun da take korar mu da shi muna yara. Na sake girgiza kai. Sai ta kewaye bakinta da tafukanta, ta tattara duk ƙarfinta, kalma biyu suka tsallako mini.

"Tafi, shashasha!"

Na tafi. Har yau ban san yadda ƙafafuna suka yarda ba. A kwanar farko na waiga, na ga rigar lemo a tsakiyar jan ruwa, ta zauna ta rungume gwiwoyinta tana kallona. Daga nan itatuwa suka rufe ta.

Sai a lokacin ruwan sama ya iso, kamar ana juye bokiti. Hanyar ta zama magudana. Na yar da jaka. Ina gudu ina faɗuwa ina tashi, ni da rabona da gudu tun ina 'yar makaranta. Takalmina na hagu ya maƙale a laka, na zare ƙafa na bar shi. Ƙirjina yana zafi kamar an zuba barkono. Abin da ke ta zuwa mini a rai shi ne 'yarta Eunsil da ke aure a birnin Busan, da yadda zan buɗe baki in gaya mata. Na bar uwarki a kan dutse. Sai in ture tunanin, sai ya dawo. Sau biyu na tsaya cak da niyyar komawa, sau biyu na ci gaba.

Kafin in ga filin tanti na fara jin jiniya. Wurin ya hargitse. Rafin ya cinye inda yara ke wasa ɗazu, mutane suna hawa tudu da yara a kafaɗa, wani tanti shuɗi yana tafiya a kan ruwa. Na hango Bang Taesik da lasifika a hannu yana kora mutane sama. Na cafke rigarsa ina ta haki.

"Inna, numfasa. Ina 'yar'uwarki mai rigar lemo?"

"Dutse," na ce. "Dutsen tsakiya. Mashigin farko."

Fuskarsa ta canza. "Tana kai yanzu?"

"Tana kai."

"Tun yaushe?"

Ban sani ba. Ya yi magana a rediyon da ke kafaɗarsa. Ashe 'yan kwana-kwana sun riga sun iso bakin ƙofar gandu don kwashe mutane. Ba a jima ba uku daga cikinsu suka zo da gudu, da hulunan kwano da naɗin igiyoyi a baya. Babbansu, wani mai furfura a gira, ya dube ni sama da ƙasa.

"Inna, ki zauna a ofis. Za mu kawo ta."

"Ba zan zauna ba."

"Ƙafarki jini take yi."

"Ƙafata ce."

Bai tsaya ja da ni ba, suka wuce. Bang ya riƙe ni a damtse muka bi su a baya. Yana ta cewa dutsen nan yana da tsayi, shekararsa goma sha ɗaya a gandun nan, ba kasafai ruwa ke rufe shi ba. Ban tambaye shi sau nawa ya ga ya rufe ba.

Da muka sha kwanar ƙarshe na tarar da su ukun a tsaye a gaɓa, ba mai motsi. Na dubi tsakiyar rafi. Babu dutse. Inda yake sai wani tudun ruwa mai santsi, yana tashi yana faɗawa.

Na ce ba nan ba ne, mun yi kuskure, mu ƙara gaba. Amma ga itacen da na kama saiwarsa, ga sawun gwiwoyina a laka. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Na ji kamar an kwashe duk abin da ke cikina, har sanyin ma na daina ji.

Mai furfurar ya raba mutanensa, su bi gaɓa zuwa ƙasa suna dubawa. Na ji yana faɗa a rediyo a sa ido a gadar ƙauye. Na gane abin da ake jira a gada.

Ban san ko minti nawa aka yi ba, sai ƙaramin cikinsu ya busa usur daga can ƙasa yana nuni da hannu. Bang ya ɗaga ni. Kamar taku sittin ƙasa da mashigin, a ɗaya gaɓar, akwai wani itace da ya tsiro daga tsagin bangon dutse, ruwa ya kwantar da shi. A cikin rassansa akwai abu ruwan lemo. Ruwa yana rufe shi yana buɗewa.

"Rigar ce kawai, ko da mutum?" in ji Bang a hankali, ba da ni yake ba.

Mai furfurar ya karɓi lasifika. "Inna! In kina ji na, ɗaga hannu!"

Babu motsi. Ya sake faɗa. Sai na fizge lasifikar daga hannunsa.

"Gilja!" Ban taɓa kiran sunanta gatsau ba tunda aka haife ni. "Gilja, ɗaga hannu!"

Wani abu fari ya ɗago daga cikin ganye, ya tsaya kaɗan, ya koma.

Abin da ya biyo baya ya fi awa ɗaya, kuma shi ne mafi tsawo a rayuwata. Suka harba siririyar igiya da wata bindiga zuwa tsallake. Ta farko ta faɗa ruwa. Ta biyu iska ta kauce da ita. Ta uku ƙugiyarta ta kama wani kututture a saman bangon, suka ja su uku har suka tabbata ta riƙe. Ƙaramin nasu ya ɗaura ɗamara ya rataya a jikin igiyar, ya fara jan kansa a kan ruwan, bayansa yana taɓa kumfa. Duk itacen da ya taho daga sama sai Bang ya busa usur, shi kuma ya naɗe ƙafafu ya jira ya wuce. Ni idona yana kan saiwar itacen da Yaya ke kai. Ina ganin ƙasa tana zubewa daga gindinsa kaɗan-kaɗan.

Da ya isa ya daɗe a cikin rassan, ba mu ganin abin da yake yi. Daga baya ya gaya mana hannunta na hagu ya ƙi sakin reshen, sai da ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure ta a ƙirjinsa, aka jawo su. A tsakiya igiyar ta yi ciki, su biyun suka nutse har wuya, na rufe ido. Da na buɗe, hannuwa suna jan su a gaɓa.

Leɓunanta sun yi shuɗi, goshinta a fashe, hannun dama ya karye a wuyan hannu ya lanƙwashe. Suka naɗe ta da bargo mai ƙyalli. Na durƙusa na kama fuskarta, sanyi ƙalau kamar kifi. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta gangara da ido ƙasa.

"Ina takalminki?" in ji ta, haƙoranta suna kaɗawa.

A nan ne kukan ya zo mini, har mai furfurar ya ce in matsa su ɗauke ta.

Kwana tara ta yi a asibiti. Ban da hannun, haƙarƙari uku sun tsage, kuma ruwan da ta shaƙa ya sa mata zazzaɓi. Ni ɗinki shida aka yi mini a tafin ƙafa. Eunsil ta zo daga Busan a daren, ta yi wa uwarta faɗa, ta yi mini, sannan ta rungume mu duka.

Sai a rana ta huɗu Yaya ta ba ni labari, muna mu biyu a ɗaki ina ba ta kunun shinkafa a baki.

"Laifina ne," in ji ta. "Da mun hau tudu a can sama mun zauna, da jiƙewa kawai za mu yi. Na ɗauka zan riga shi."

"Sha kununki."

"Da ruwan ya kai mini gwiwa a tsaye, na san zai ɗauke ni ko ina so ko ba na so. Na ga itacen can. Na ce gara in faɗa da kaina ta wajensa. Ban ma san na kama shi ba."

"Da na yi sauri..."

"Ke? Sauri?" Ta yi dariya, ta dafe haƙarƙari don zafi. "Malsun, na san ba za ki dawo da mutane kafin ya rufe dutsen ba. Na lissafa tun kina tsaye."

Na ajiye cokali. "To don me kika kore ni?"

"Kina tsaye kina matsowa bakin ruwa. Na san ki. Da kin ga ya ɗauke ni, biyo ni za ki yi." Ta juya kai wajen taga. "Sai da kika sha kwana sannan na fara ihu. Na kira Innarmu, na kira Yongdal, har ke na kira ki dawo. Gara da ba ki ji ba."

Na tashi na fita baranda, na daɗe a tsaye, raina a ɓace, ban san da wa ba. Da na dawo ta yi barci, baki buɗe, gashinta fari a barbaje a kan matashi. Na ga ta tsufa.

Da yamma aka faɗa a talabijin ɗin ɗakin cewa an tsinci gawar wani mai kamun kifi a ƙasan kwarin, ɗan shekara arba'in da bakwai, wanda ake nema tun ranar Asabar. Ba mu san shi ba. Aka nuna matarsa daga baya, tana tsaye a kan gada cikin rigar ruwa. Yaya ta ce in kashe, na kashe.

Da aka sallame ta na koma gidanta na zauna mako shida, tunda ba ta iya komai da hannu ɗaya. Ni nake yi mata wanka. In zan tara ruwa a baho sai in sa tawul a ƙarƙashin famfo don kada mu ji ƙarar zubar ruwa. Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.